Kar Ki Yarda a Ce Miki Haƙori Ne

Assalamu alaikum, Sa'a. Habiba ce, matar yayanki. Ina wuni, ya gida, ya Hajiya da ƙafa, ya kuka ji da wannan zafin? Allah ya sa kuna lafiya, Allah ya tsare min ku gaba ɗaya.

Ga abin da nake so ki yi min. Gobe in an kawo muku yaron nan, duk abin sanyin da zai shiga bakinsa, ke za ki yi shi da hannunki, ke za ki ba shi. Ba na saye ba, ba na maƙota ba, ba wanda yara suka shigo da shi daga waje ba. In kuma ya fara zawo, kar ki yarda a ce miki haƙori ne. Ki goya shi ki tafi asibiti. Waɗannan biyun nake roƙonki, sauran duk bayani ne.

Ki sa abin kunne kafin ki ci gaba da ji, don Allah, kar ki buɗe ni a tsakar gida. Kin san ban iya rubutu ba, shi ya sa na yi miki wasiƙar da baki. Za ta yi tsawo. In datarki ta ƙare ki kama yayanki, shi ya jawo.

Kin dai ji gobe za su kwantar da ni, jibi a yi aikin. Likita ta ce ƙarin ba babba ba ne, amma bayan an yi ba zan ɗauki abu mai nauyi ba sai ɗinki ya kama. Yaron nan kuwa kin san shi, wata goma ne amma kamar an ɗora miki buhun gero. Shi ya sa Hajiya ta ce a kawo mata shi nan Kabara har in warware. Wallahi na gode mata, ba wanda ya kai ta iya riƙon yaro, ita ta raine ku duka. Amma ɗan fari ne, Sa'a. A kan maganarsa bakina nauyi yake yi a gabanta. Ko sunansa kin taɓa ji na kira? Ranar da kawai na ce a miƙo min shi ya sha nono a gaban Gwaggo Asabe, ƙanwar Hajiya, sai da na zama abin dariya a gidan. Ke kuwa gwaggonsa ce, kina da baki. In kin yi magana za a ce Sa'a ce da iyayinta na 'yan boko, a yi tsaki a ƙyale ki. To wannan iyayin naki nake so ki ara min.

Lokacin da ya kwanta a asibiti ba kya nan, kina Wudil wajen Anti, an dai ce miki ya yi zawo ya warke. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Farkon shigowar zafi ne. Kin san ɗakinmu na Goron Dutse, rufin kwano, taga ɗaya, da azahar ko tabarma ba ta takuwa. Yaron nan ya ƙi zama ya ƙi kwanciya, yawu yana dalala, duk abin da ya samu sai baki, har gefen hijabina. Akwai wata mata a lungunmu tana ƙulla ƙanƙara a leda, ja da ruwan ɗorawa, irin wadda yara suke tsotsa. Na saya don kaina. Ina sha ya miƙo hannu, na ɗan goga masa a dasashi. Sa'a, ɗif ya yi. Ya lumshe ido yana tsotsa. Na ce alhamdu lillahi, na samu magani. Tun daga ranar kullum sai na saya masa.

Ba a jima ba ciki ya ɓalle. Na nuna wa Inna Lami maƙociyarmu, ta leƙa famfas ɗin ta ce, "Haƙori ne, 'yar nan. Wane yaro ne bai yi ba?" Yayanki ya kira Hajiya a waya, ina ji tana dariya tana cewa, "Mijin nawa zai fara cin nama ke nan, ku bar shi, haƙori ne." Na je kemis, tun ban gama bayani ba ya miƙo min garin haƙori. Mutum uku, magana ɗaya. Ni wace ce?

Ga inda abin yake. Tunda an ce haƙori ne, ni kuma na ga ƙanƙara ce take kwantar masa da ƙaiƙayin dasashi, sai na ƙara masa. Da sau ɗaya nake ba shi, na koma safe da yamma. Yana zawo ina ba shi abin da yake sa shi zawon, ina ganin taimakonsa nake yi.

Sai ya daina kuka. Na ji daɗi, wallahi, na ce wa Inna Lami ya samu sauƙi. Da la'asar na zo yi masa wanka, na cire famfas na ga ba fitsari ko ɗigo, tun na safe. Na zuba masa ruwa ya ɓata fuska zai yi kuka, ba hawaye. Na shafa kansa na ji maɗiga ta loɓa, yatsana ya shiga kamar an danna ƙullun alkaki. Inna Lami ta ce, "Maɗiga ce ta faɗa, a kai shi wajen tsohuwar nan ta bayan masallaci ta ɗago masa." Ban san me ya shiga kaina ba, na dai ga kaina a cikin adaidaita, takalmi wari da wari. A ciki na kira yayanki na ce masa na fita.

A asibitin yara suka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu. Sai da suka aske masa gefen kai, a nan suka sa ƙarin ruwan. Wata sista, babbar mace mai tabarau, ta ce, "Me kika ba shi?"

Na ce, "Ba komai, Sista, haƙori ne."

Ta ce, "To buɗe bakin ki nuna min haƙorin."

Na buɗe. Ba ko ɗaya, Sa'a. Dasashi ne fal, sumul.

Ta ce, "Kin gani? Ko da ya fito ma, haƙori ba ya sa irin wannan zawon. Abin da yaro yake kaiwa baki lokacin haƙorin shi yake sawa. Me yake tsotsa?"

Na faɗa mata. Ta ce da wane ruwa ake yin ƙanƙarar? Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ita ma mai yin, ƙila ba ta sani ba. Mai garuwa ya kawo, ta zuba kala, ta ƙulla." Ta ce sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi, tana shiga cikin yaro ta tashi. Ta ce da na ƙara wuni ɗaya a gida, da wata maganar ake yi. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana rubutu take magana, shi ya sa ma ya fi shiga jikina.

Abin da ya sa hankalina ya tashi yanzu, wancan karon babu haƙorin, an buɗe baki an ga babu. Yanzu kuwa yana da biyu a ƙasa, na sama sun kumbura suna hanya. A hannunku za su fito. In ya yi zawo a gidan nan, za a ce haƙori ne, a kuma ɗaga leɓensa a nuna miki. Ki ce to. Kar ki yi musu da kowa, musu ba zai mayar masa da ruwan jikinsa ba. Na sa garin gishiri da sukari na asibiti a aljihun jakarsa, da 'yar ƙwayar da suke haɗawa da shi. Yadda ake damawa yana rubuce a jiki, ke kin iya karantawa. Ki dama da dafaffen ruwa, ki dinga ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kina ba shi kina neman hijabinki. Ki dinga duba famfas, ki dinga shafa maɗiga. In yaro mai ƙiriniya ya yi laƙwas ya daina kuka, ba sauƙi ba ne, kar ki ji daɗi irin nawa.

Kafin a sallame mu na tambayi sistar, na ce shi ke nan ya bar shan sanyi? Don na san in muka koma ɗakin nan zai dawo da kukansa. Ta ce a'a, tunda ya wuce wata shida ya fara cin abinci, in yi masa da kaina. Ita ta koya min, sauran kuma na koya da kuskure. Ki saurara.

Ruwa tukuna. Ki tafasa shi ya yi ta tafasa, ki sauke ki rufe ya huce da kansa. Ko na famfo ne, ko na leda ne, ko na randar Hajiya da kowa yake yabo, in dai nasa ne a tafasa. Na sa masa jarkarsa mai shuɗin murfi, ita kaɗai ce tasa, kar a sa mata moɗa. Ki wanke hannu da sabulu. Ke kuma da faratan nan naki da kike tarawa, 'yar gayu, ki yi haƙuri ki yanke su, in na warke ni zan saya miki lalle.

Ayaba ya fi so. Ki samu wadda ta nuna sosai har ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, ki murje ta da bayan cokali har sai ba gudaji ko ɗaya, ki ɗan zuba dafaffen ruwan ta yi kamar kunu mai kauri. Gwanda ma haka, ita ba ta ma son ruwa. Kankana ki cire 'ya'yan tas, farare da baƙaƙe, ki murje ki tace a rariya. Mangwaro ki guji mai zare, yana maƙale masa a wuya ya yi ta kakari. In ba a samu ko ɗaya ba, ki dafa dankalin Hausa ya yi luguf ki murje, yana sha. Kafin ki yanka komai ki wanke bayansa, ko da ba a cin ɓawon, don wuƙa tana ɗaukar dattin waje ta shiga da shi ciki. Kankanar da aka riga aka yanka aka jera a faranti a bakin titi, ƙuda yana hawa ana yayyafa mata ruwa, kar ki saya masa, ki sayi guda ku sha sauran. Wuƙa kuma ba ta albasa ba. Na taɓa yi masa gwanda da wuƙar da na yanka attaruhu, na ɗauraye ta kawai da ruwa. Cokali ɗaya ya sha ya tsala ihu har Inna Lami ta shigo ba sallama. Na sa miki ƙaramar wuƙarsa a cikin kayan.

Kar ki sa sukari. Na san za ki ɗanɗana ki ce salam. A bakinki ne salam, shi bai san wani zaƙi ba sai na nono da na ayaba. Ba kala, ba filebo, ba citta. Zoɓo da tsamiya da kunun ayan da ake yi a gidan, na manya ne, ko ya yi kuka yana miƙa hannu. Nonon ƙwarya na masu tallan fura ma sista ta ce in bari tukuna, ba a san ruwan da aka tsinka shi da shi ba.

Sai zuma. Nan ne za ki sha wuya. Farkon da na fara yi masa, na ce tunda sukari ba kyau bari in sa zuma, ai ita magani ce. Na koma asibiti ranar da suka ce in dawo da shi, ina murna ina ba sista labari, na ce ban sa sukari ba, zuma na sa. Ta ajiye biro ta cire tabarau. Ta ce yaron da bai shekara ba, ba a ba shi zuma, ko lakuce a yatsa. Wai akwai wani abu a cikinta da cikin babba yake iya narkarwa, na jariri ba ya iyawa, yana iya sa jikin yaro ya saki har numfashi ya gagare shi. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi, amma ban sake ba. Ni ban ce zuma ba waraka ba ce, astagfirullah, kowa ya san waraka ce. Lokacinta ne bai yi ba a wajensa, saura wata biyu. Kin san kwalbar Hajiya ta cikin kabad, kin san duk jikan da ya yi tari sai ta lakuta masa. In kin ga ta miƙa hannu wajen kabad ɗin, ki ce likita ce ta hana. Ki ɗora wa likita komai, ba ta nan balle ta ji kunya.

Tsaya. Kai, sakar min waya. Sakar mana! Kin ji shi ko? Ya ji ana maganar ayaba.

To, abin zubawa. Na sa miki 'yan robobi masu murfi, ƙanana, su za ki dinga zubawa a ciki. Kar ki ƙulla masa a leda. Ni da na fara, a leda na ƙulla, don ita na sani, haka na ga kowa yana yi. Na huda gefe na miƙa masa, na juya ina kwashe shanya. Lokacin haƙoran ƙasa sun fito. Na waiwayo na ga fuskarsa ta yi ja, baki buɗe, ba kuka ba tari. Ya gatsi ledar ya yage, guntun ya tafi wuya. Na kifa shi a cinyata kansa ƙasa, na bubbuga bayansa tsakanin kafaɗu, ya fito da shi da yawu. Guntun bai kai farcen babban yatsa ba. Na zauna a ƙasa, shi kuwa yana neman sauran.

Don haka in kin ɗauko, kar ki miƙa masa dunƙulen. Ki ajiye ya ɗan saki, ki kankare da cokali ya yi kamar gari-gari mai laushi, ki ba shi a baki. Ƙanƙarar kankana ki kankare, in kin iya faɗa sau uku da sauri na ba ki kyautar ɗankwali. A zaune za ki ba shi, a cinyarki, ba a kwance ba, ba yana rarrafe ba. Kar ki ba 'ya'yan Yaya Sani su ba shi, suna son sa amma yara ne, za su tura masa guda su tafi kallon talabijin. In yana ta cizon hannu don ƙaiƙayi, akwai farin hankici a jakar, ki jiƙa shi da dafaffen ruwa ki sa a roba mai murfi ya yi sanyi, ki ba shi ya tauna kina kallonsa. Kullum ki wanke shi ki shanya a rana.

Rabin roba ya ishe shi, da rana in zafi ya tsananta. Ba abinci ba ne. Na taɓa barinsa ya sha har ya ƙoshi don na ga yana so, ya ƙi kunu ya ƙi nono har yamma. Kununsa da madararsa ta gwangwani su ne gaba, tunda ba ni kusa, sannan ruwa, ki dinga ba shi ko bai nema ba. Wannan na sanyaya baki ne kawai.

Sai maganar wuta. Firjin Hajiya kar ki dogara da shi, kin fi ni sanin yadda ake kawo muku wuta. Namu ma haka. Na taɓa yin na ayaba na sa, aka ɗauke wuta tun safe, ya narke ya zauna cikin zafi, aka kawo da yamma ya sake daskarewa. Na ɗauko na ga ƙanƙara ce garau, ba abin da ya nuna. Na ba shi ya tofar, na sake ba shi ya kawar da kai. Na kai bakina na ji ya yi tsami. Shi ya fi ni hankali ranar. Abin da ya narke ya sake daskarewa a zubar, kar ki ji asara, ayaba ce. Wanda ya sha ya rage ma kar ki mayar, ki shanye ko ki zubar. Kuma kullum ki fara ɗanɗanawa, da wani cokalin ba nasa ba.

Maman Walida ta bakin lungunku, mai firiza ta sola, a wajenta za ki dinga sawa. Tana ajiye kifi da kaji na mutane a ciki, don haka ki rufe robobin da kyau, ki haɗa su a babbar roba, ki ɗora a sama ba a ƙasa ba, kar ruwan kifi ya ɗiga. Ita ma solar tata wani lokacin tana gazawa in an yi hadari. Akwai wani kofi a kusurwar firizar da ruwa ya daskare a ciki, da ƙwallon dabino a kai. Haka take gane wa kifinta. In kin buɗe kin ga ƙwallon yana sama, lafiya. In kin gan shi ya nutse ƙasa, to komai ya narke ya sake kamawa, ki zubar ki yi sabo. Kar ki yi da yawa, na kwana biyu-uku ya isa. In za ki ɗauko ki sa a cikin kula mai riƙe sanyi, in ba haka ba kafin ki ƙaraso gida a wannan ranar ya zama ruwa.

Hajiya za ta ce za ki sa wa mijinta sanyi. Za ta ce limoniya. Ni ma da haka na ɗauka. Yana jariri, cikin zafi, na dinga jibga masa hula da safa da rigar sanyi don kar iska ta shige shi, har wuyansa da bayansa suka feso da ƙurajen zafi, wuyan ya saɓule. Sista ta ce limoniya ƙwayar cuta ce, ba daga cokalin ayaba mai sanyi take zuwa ba. Ki bar shi da 'yar shimi, ki dinga watsa masa ruwa, ki shimfiɗa masa a rumfa inda iska take. In yana mura ko tari, ki bar ba shi mai sanyin har ya warke, don a zauna lafiya, kar a ce ke ce. In kuma Hajiya ta matsa, ki kankaro mata cokali ɗaya ki ce ta ɗanɗana ta ji ko akwai abin cutarwa. Za ta so shi. Ita da mijin nata ai haƙoransu sun kusa zuwa ɗaya. Wallahi in kika faɗa mata na faɗi haka, ni da ke ne.

Na san na ɗora miki kaya, ga makarantar ɗinkinki. In za ki fita ki ba shi kafin ki tafi ko ki bari sai kin dawo, kar ki bar wa kowa sallahu. Wuni ɗaya ba sanyi ba zai yi masa komai ba. Na saye ne zai yi masa. Kin san in ya fara kuka da azahar, ga yara suna shigowa da ƙulli a hannu, wani zai ce a ɗan goga masa a baki ya yi shiru, don tausayi. Ni ma don tausayi na yi.

Kai kuma, da kake ta jan ɗankwalina. Gobe za ka tafi gidan matarka. Ka ji maganar gwaggonka, ka ci abin da ta ba ka, ka tofar da na kowa. Kar ka ba su wuya. Kar kuma ka fara tafiya sai na dawo, ka ji ko? Ka jira ni.

Sa'a, ki yi haƙuri, muryata ce, ba komai. Allah ya tsare shi a hannunku, ya tsare ku da shi. Allah ya raba shi da zafin nan lafiya, ya sa haƙoran su fito ba wahala. Allah ya ba ki miji nagari da 'ya'ya masu albarka, ki samu wadda za ta riƙe miki naki yadda za ki riƙe min. Ni kuma ku sa ni a addu'a jibi, Allah ya sa in farka lafiya. Wayata za ta kasance a hannun yayanki. In wani abu ya faru ki fara tafiya asibitin, a hanya kya kira shi.

Don kar ki ga kamar ke kaɗai ce, ga waɗanda suka sani. Na faɗa wa yayanki, ya ce duk abin da kika ce a saya zai kawo, in kuma kin ce asibiti, ko yana tsakiyar ciniki zai rufe shago. Na faɗa wa Maman Walida, ta ware miki gefe a firizar.

Na kuma zo gidan yau da hantsi, kin tafi ɗinki. Na durƙusa na gaida Hajiya, Gwaggo Asabe tana gefe tana tsinke zogale. Na yi ta gaisuwa, na gaishe ta da ƙafa har sau biyu. Can na ce, "Hajiya, dama a kan yaron nan ne."

Gwaggo Asabe ta ajiye faranti ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ɗan fari? Da bakinki? Yaya, kin ji 'ya'yan zamani."

Kaina yana ƙasa, ina kallon tabarma. Na dai faɗa. Na ce zawon nan ba haƙori ba ne, ƙanƙarar saye ce, ni na ba shi. Na ce zuma sai ya shekara. Na ce in cikinsa ya ɓaci a bar Sa'a ta kai shi asibiti. Ban san yadda maganar ta fita ba, gumi har cikin idona.

Hajiya tana jan carbi. Ta ja ta ja. Sannan ta ce, "Kin gama?"

Na ce, "Na gama, Hajiya."

Ta ce, "Tashi ki je ki haɗa kayanki. Allah ya ba ki lafiya."

Na tashi ban san e ba ne ko a'a. Har na kai zaure ina laluben takalmi, na ji ta ɗaga murya daga ciki: "Ayabar, wace iri yake ci?" Na ce ƙanana, masu zaƙin nan. Ta ce, "To." Gwaggo Asabe kuwa har na fita tana salati.

To yayanki ya sani, Maman Walida ta sani, Hajiya ta ji da kunnenta. Sai ke, Sa'a, kuma ke ce za ki kasance a wurin.